Wasiƙa daga Erfurt

Assalamu alaikum, Bakano,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Saƙonka ya iso, na kuma ji duk baƙar maganar da ka dunƙule a ciki, wai tun da na taka ƙasar Turawa na daina sanin talakawa. Kai ne talakan? Mutumin da yake da rumfa biyu a Kwari? To na ji. Na kuma ji tambayarka a kan farashin injin ban ruwa na hannu, da ko zai yiwu a sako shi a kwantena tare da kayan mutanen Legas. Bakano ke nan, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya tambayi nawa aka sayi tabarmar. Wannan maganar ta jira wani lokaci, bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a rai, don waya ba za ta ɗauke shi ba, shi ya sa ka ga takarda.

Kwas ɗin yana tafiya daidai, sanyi ne kawai yake neman ganin bayana. Dattijuwar da nake haya a gidanta, wadda na ce maka tana auna mini ruwan wanka da ido, ita ta tsare ni ran Juma'a da daddare ta ce bai kamata in bar wannan jiha ta Thuringia ban je Buchenwald, tsohon sansanin gwale-gwalen 'yan Nazi da ke kusa da Weimar, ba. Ta ce shiga kyauta ne. Na san da kai ne wannan kalmar kaɗai ta isa ta tashe ka tun asuba.

Daga nan zuwa Weimar tafiyar kamar minti goma sha biyar ce a jirgin ƙasa. Gari ne ɗan ƙarami, tsaf-tsaf, wanda Jamusawa suke ji da shi ƙwarai, domin a nan manyan marubutansu Goethe da Schiller suka zauna, a nan kuma aka rubuta tsarin mulkinsu na 1919. Daga tasha sai ka hau bas ka nufi wani tsauni mai suna Ettersberg. Nisan bai kai daga birnin Zariya zuwa Samaru ba. Riƙe wannan a ranka. Kilomita biyar na ƙarshe fursunoni ne suka shimfiɗa titin da hannu a 1938 da 1939, ana dukansu, wasu suna faɗuwa matattu, har ya zama sunan da suke kiransa shi ne titin jini. Yau bas ne mai ɗumi yake bi ta kai, da 'yan makaranta a ciki suna cin biskit.

A watan Yulin 1937 'yan Nazi suka buɗe wannan sansanin gwale-gwale, tun kafin a fara Yaƙin Duniya na Biyu. Da farko nasu suka fara tarawa: 'yan kwaminis da sauran 'yan adawa, da Shaidun Jehobah da suka ƙi yi wa Hitila mubaya'a, da waɗanda gwamnati ta ce ba su da amfani. Bayan tarzomar da aka far wa Yahudawa a Nuwamban 1938 aka kwaso su kusan 10,000 a 'yan kwanaki. Da yaƙi ya kankama sai aka dinga jido mutane daga ko'ina a Turai. Zuwa 1945 kusan mutum 280,000 ne suka ratsa ta nan da ƙananan sansanoninsa, kimanin 56,000 kuma ba su fita da rai ba. Babu ɗakin iskar guba a nan irin na Auschwitz, sansanin kisan da suka gina a Poland. Yunwa ce, da aikin fasa dutse, da cuta, da harsashi, da allura, da igiya.

Ƙofar ƙarfe ce 'yar ƙarama, ba ta kai yadda nake zato ba. An yi rubutu a jikinta mai nufin kowa da abin da ya cancanta, kuma an juya haruffan suna kallon ciki, don na tsare su riƙa karantawa kullum suna tsaye a filin ƙidaya. A saman ginin akwai agogo da aka tsayar a ƙarfe 3:15, lokacin da sansanin ya kuɓuta ranar 11 ga Afrilun 1945. Da na shige sai na ga babu komai. Fili ne fetal a gangaren tsauni, an rushe ɗakunan kwanan tun farkon shekarun 1950, sai baƙin tsakuwa da aka zuba a gurbin kowanne don ka ga girmansa. Iska kuwa, Malam, ba a magana. Ina cikin rigar sanyi biyu da kwat da safar hannu da hular da uwargida ta saƙa mini, amma haƙorana suna haɗuwa. A nan ake jera mutum dubbai safe da yamma cikin 'yar riga mai ratsi-ratsi da takalmin katako, in lissafi bai cika ba a tsaya sa'o'i, har na mutuwa ya mutu a tsaye a haɗa da shi a cike adadin.

To ga abin da ya fara kwance mini kai. A wajen waya mai ƙaya, 'yan taku kaɗan daga shingen, akwai wani gini na duwatsu mai rami. Na ɗauka wurin azabtarwa ne. Ashe gidan zu ne. Kwamandan sansanin, Karl Koch, shi ya sa aka gina wa dakarun SS, wato rundunar Nazi mai tsaron sansanin, da iyalansu a 1938, da kuɗin da aka tatsa daga fursunoni, har da dabbar nan beyar a ciki. Ranar hutu mutum zai riƙo hannun ɗansa ya kawo shi kallon dabbobi, bayansa kuma mutane ne ƙashi da fata suna kallon abin da ake jefa wa dabbar. Daga inda na tsaya ina ganin ramin beyar da bututun hayaƙin gidan ƙona gawa ba tare da na juya wuya ba.

Af, kafin in manta. Da gaske ne Dogo zai ƙara aure? Gajere ne ya rubuto mini, ka kuwa san labarin Gajere sai an tace. In gaskiya ne, ka ce masa ina taya shi murna, ina kuma tuna masa cewa kuɗin adashen da ya ce sai bayan girbi, an yi girbin har an cinye. Kada ka sa hannunka a maganar nan, ka ji na gaya maka. Ka san halin uwargidansa, kuma gidanka zai zama kotu.

Na shiga gidan ƙona gawar. Ban so shiga ba, amma na ga wata tsohuwa da sanda ta shige, sai kunya ta tura ni. A ƙasa akwai ɗaki da ƙugiyoyi jere a bango, inda aka shaƙe mutum wajen 1,100, da lif da yake hawo da gawa sama. A gefe an sake gina kwatankwacin abin da suka yi a bargar dawaki: a shigo da fursunan yaƙi na Sobiyet a ce likita zai duba shi, a tsayar da shi jikin ma'aunin tsawo, ta bayan ma'aunin akwai tsaga, wani yana ɗaki na gaba da bindiga daidai ƙeya. Sama da mutum 8,000 aka kashe a haka. Mu da muka tashi muka ga ko bare ne ya mutu a tasha sai unguwa ta haɗa kuɗin likkafani an yi masa sutura, ka san yadda cikina ya juya da na tsaya gaban tanderun nan. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. A jikin ƙofar kowane tanderu akwai sunan kamfanin da ya ƙera shi, an zuba shi a ƙarfe da kyau yadda kowane maƙeri yake sa sunansa a kayan da yake alfahari da su: Topf und Söhne, Erfurt. Garin da nake kwana.

Washegari na nemi wurin. Yana nan bayan tashar jirgi, tafiyar ƙafa, an mayar da tsohon ofishinsu gidan tarihi tun 2011. Kamfani ne na injiniyoyi kamar ni. Ainihin sana'arsu kayan masana'antar giya da rumbunan hatsi da bututun hayaƙi, cinikinsu da SS kuwa kimanin kashi 2 cikin 100 ne na abin da suke samu. Ka ji fa, kai da ka san lissafin kasuwa. Da sun ce ba sa yi, ko a jikinsu. Ba yunwa ce ta kai su ba. Injiniyan da ya riƙe aikin, Kurt Prüfer, shi ya zana tanderun Buchenwald, shi ya zana na Auschwitz, yana zuwa da kansa ya duba aiki ya gyara inda ya tsage. Kamfanin ne ya haɗa na'urar zuƙe iska ta ɗakunan gubar can. Wani abokin aikinsa, Fritz Sander, har takardar neman rajistar fasaha ya rubuta a 1942, ta tanderun da zai yi ta cin gawa ba tsayawa. An baje wasiƙunsu a gilashi, da hatimi da lambar fayil da gaisuwar girmamawa ga abokin ciniki, ana maganar gawa nawa a awa kamar yadda ni nake rubuta lita nawa a minti.

Aka hau da mu bene inda teburan zane suke. Tagar da ke kusa da mazaunin Prüfer tana kallon Ettersberg. Na tsaya a wurin na hango tsaunin da idona. Wato mutumin nan yana ɗaga kai daga takarda zai ga inda kayansa suke aiki, sannan ya sunkuya ya ci gaba da ja layi, in an tashi ya koma gida ya ci abinci da iyalinsa. Bayan yaƙi ɗaya daga masu kamfanin, Ludwig Topf, ya kashe kansa a 1945. Prüfer ya mutu a kurkukun Sobiyet a 1952. Ɗan'uwan Ludwig kuwa, Ernst Wolfgang, ya tsallaka yamma ya sake buɗe kamfanin ƙera tanderu, ba a taɓa yanke masa hukunci ba.

Ka san ni, Bakano, ban taɓa ɗaukar aikinmu abin da yake da alaƙa da zunubi ko lada ba, in ban da kada ka ci kuɗin siminti. A kawo maka buƙata, ka yi lissafi, ka zana, ka sa hannu, wanda ya ba da kwangila shi ya san abin da zai yi da ita. Haka aka koya mana, kai ma shaida ne kafin ka gudu kasuwa. Mugun da yake riƙe da bulala ba ya ba ni tsoro sosai, don na san ba zan zama shi ba. Wanda yake ba ni tsoro shi ne mai zuwa ofis a kan lokaci, mai tsabtar aiki, wanda in an ce tanderu ya tsage abin da zai dame shi shi ne sunan kamfani. Wannan na san shi. Na zauna aji ɗaya da irinsa, kuma duk wanda ya duba takardun aikina zai ce ni ma haka nake, yana yabona.

Mutanen Weimar ma haka. Kafin a gina na sansanin a 1940, a gidan ƙona gawa na hukumar gari ake kai gawarwakin. 'Yan kasuwar gari ne suke kai kaya, ana ganin fursunoni a tasha, ana ganinsu suna aiki a masana'anta. Abin da na ji ya taɓa tayar da hankalin masu faɗa a ji a garin shi ne suna: da za a kira sansanin Ettersberg, sai suka ce a'a, tsaunin yana da alaƙa da Goethe, kada a ɓata masa suna, shi ne aka sa Buchenwald. Akwai ma wata ƙatuwar bishiya da ake dangantawa da shi, da aka sare dajin aka bar ta a tsakiyar sansanin, kututturenta yana nan har yau. Bishiya ta samu alfarma. Da Amurkawa suka iso suka tarar da mutum kimanin 21,000 da sauran numfashi, da yara wajen 900 a cikinsu, sai ranar 16 ga Afrilu suka tattaro mutanen gari kusan 1,000 suka sa su hawo tsaunin da ƙafa su ga tarin gawa. Abin da suka riƙa faɗa shi ne ba su sani ba. Nisan nan da na ce ka riƙe.

Na san abin da za a ce a majalisa in ka karanta musu wannan, musamman Malam na bakin masallaci. Za a ce me ya kai ni makokin Yahudawa alhali ga abin da ake yi a Gaza. Ka gaya masa Gaza tana raina kamar yadda take ransa, kuma ban ga yadda yaron da aka ƙona a 1944 ya ci bashin yaron da bam ya kashe yau ba. Amma masu yabon Hitila a teburin mai shayi, waɗannan ina da magana da su. Su tambaya ina ya ajiye baƙar fata a lissafinsa. A 1937 gwamnatinsa ta kama ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na Faransa suka haifa da matan Jamus a yankin Rhine ta yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. A Yunin 1940 sojojinsa sun ware baƙaƙen sojojin Faransa daga farare bayan sun miƙa wuya, suka bindige su, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon. A Buchenwald ɗin nan an tsare wani yaro ɗan shekara 15, Gert Schramm, haifaffen Erfurt, laifinsa kawai ubansa baƙin Ba'amurke ne. Shi ya rayu. An kuma tsare Raphaël Élizé, likitan dabbobi ɗan Martinique, baƙin da ya zama magajin garin Sablé a Faransa tun 1929, ya mutu a Fabrairun 1945 lokacin da jiragen ƙawance suka yi wa masana'antar da ake sa su aiki ruwan bam, saura wata biyu a buɗe ƙofa.

Duk sai na tuna Baba Soja, Allah Ya jiƙansa. Ka tuna yadda muke tsokanarsa da yaƙin Hitila, yana cewa shi Japan ya yaƙa a Bama, bai taɓa ganin Bajamushe ba sai a hoto? Muna dariya yana bin mu da sanda. Da yana raye da na zaunar da shi na nuna masa hotunan nan. Kai kuma har yau ba ka biya shi goron da ka sace masa a aljihun kaki ba, ka je ka yi masa sadaka.

Akwai wani faifan ƙarfe a ƙasa a filin ƙidaya, an zana sunayen al'ummomi sama da 50 da aka tsare 'ya'yansu. An sa masa wuta ta ƙasa yana zaune a digiri 37, zafin jikin ɗan'adam, rani da damina. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya dafa. Ni ma na cire safa na dafa, daga nan kuma, ka san hali, na fara tunanin ta ina suka bi da wayar da nawa yake ci a wata.

Abin bai ƙare a 1945 ba. Daga watan Agustan shekarar har 1950 Sobiyet ta mayar da wurin nata sansanin, ta tsare kusan mutum 28,000, yawancinsu ƙananan jami'an Nazi, da wasu da tsautsayi ya faɗa wa. Sama da 7,000 suka mutu, galibi da yunwa. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta gina ƙatuwar hasumiya a 1958 don tunawa da waɗanda Nazi suka kashe, amma wannan ɓangaren ta hana a ambata, sai bayan faɗuwarta. Yanzu in ka shiga dajin bayan shinge za ka ga sandunan ƙarfe a tsaye tsakanin bishiyoyi, kowanne alamar ramin da aka zuba mutane. Mai gidana da kanta ta ce a makaranta an kawo su nan suna yara, ba wanda ya nuna musu dajin.

Yanzu ga inda nake son shawararka, ka ajiye wasa. Malamin da yake kula da mu ya yi mini maganar in tsaya in ɗora karatu, har in kawo iyali. Uwargida ta ji, ta riga ta fara tambayar kuɗin fasfo ɗin yara. Ni kuma ina duba wani abu. A zaɓen jihar nan na Satumban 2024 jam'iyyar AfD, mai ƙin baƙi da Musulmi, ita ta zo ta ɗaya da kusan kashi 33 cikin 100. Wato in na shiga tarago, cikin kowane mutum uku da suka jefa ƙuri'a ɗaya ya zaɓi waɗanda ba sa son ganina. Ban ce Jamus ta yau ita ce ta jiya ba. Ƙasar da take kwaso 'ya'yanta a bas ta kawo su ta nuna musu abin kunyar kakanninsu ta yi abin da ƙasashe da yawa ba su yi ba, har da tamu, inda yaro zai gama sakandare bai san abin da ya faru a 1966 zuwa 1970 ba sai abin da ya tsinta a Facebook. Kuma babu wanda ya taɓa ni, in ban da kallo. Amma ni babba ne, kallo ba ya kashe ni. Ummi fa, da ɗankwalinta, a aji ita kaɗai? Wani lokaci in ce tsoro ne kawai na wanda ya kwana biyu yana kallon tanderu. Wani lokaci in tuna hanyar Birnin Gwari in ce wai ni ina ne ma lafiyar take. Ka yi magana da Yaya Babba, amma kada ka bari Hajiya ta ji tukuna, ka san hawan jininta.

Wani yaro ɗan Damagaram da muke sallar Juma'a tare zai sauka Kano ƙarshen wata, na ba shi lambarka. Akwai maganin ƙafar Hajiya a hannunsa da takalman yara, na Abba ne mai ja, kada a yi faɗa. In zai dawo a haɗo shi da yaji da kuka da daddawa, a naɗe daddawar sosai don kada ta tona masa asiri a filin jirgi. Kilishi kada a sako, ƙwacewa suke yi. Kuma na ce kuka, ban ce ka auna mini da cokali irin na Kanawa ba.

Ka gaida uwargida da yara, ka gaida mutanen majalisa har da Malam. Ka ce wa Gajere na ga hoton sabuwar motar, in dai tasa ce.

Naka,
Bazazzagi